Wai wa ya haƙa Tafkin Chadi?

Tela Mai Keke:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare 'yata 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare ta ƙure ni. Bayan gidanmu a nan Kano akwai kududdufi, kowa a unguwa ya san ƙasar gini aka yi ta haƙa a wurin har ramin ya zama haka, damina ta cika shi. Sai ta ce, "To Baba, shi Tafkin Chadi wa ya haƙa shi?" Na ce mata ikon Allah ne. Ta ce ta sani, amma malaminsu "ta yaya" yake son ji. Ni kuwa ɗinki na iya. A taimaka min kafin Litinin.

Tsohon Malamin Makaranta:
Wa alaikumus salam. Malam, ba ka yi kuskure ba, sai dai komai da sanadinsa. Kowane tafki kwari ne da ruwa ya samu ya zauna, bambancin yana wajen abin da ya yi kwarin.

Na Chadi ba wanda ya haƙa. Ƙasar yankin ce ta lotsa a hankali cikin shekaru masu ɗimbin yawa, ta zama kamar faifai, faɗi ba zurfi. Kogunan Shari da Logon, masu tasowa daga Afirka ta Tsakiya da Kamaru, su ke kawo wajen kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba masa. Ruwan Haɗeja da na Jama'are ma can suke ƙarewa ta Komadugu Yobe, amma nasu cikon mudu ne. Rashin zurfin nan shi ya sa fari ke saurin cinye shi: a 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Ki kwatanta, 'yata, da Tafkin Tanganyika na gabashin Afirka, inda ƙasa ta tsage ruwa ya cika tsagin, zurfinsa wajen mita 1,470.

Ɗan Bamenda:
Malam ka manta namu na Kamaru. Tafkin Nyos bakin tsohon dutse mai aman wuta ne ruwa ya cika. Daga ƙarƙashinsa iskar kabon ke tsattsafowa tana taruwa a gindin ruwan, kamar kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara ƙauyuka, mutum fiye da 1,700 suka rasu, yawanci cikin barci, ga shanun Fulani birjik a kwance. Allah Ya jiƙansu. Daga baya aka kafa bututu a tsakiyarsa yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Hajiya 'Yar Zango:
Amin. Mu nan kusa da Kumasi muna da Tafkin Bosumtwi. Dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya, wajen shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya bar rami zagayayye kamar ƙwarya. Da idona na ga masunta suna hawan falankin katako maimakon jirgi, suna tuƙawa da hannu, saboda al'adar wurin.

Sarkin Ruwan Baga:
Ku kuma gaya wa yarinyar wani tafkin ma ɗan Adam ne ya tare shi. Kainji dam ne, an gama shi a 1968, ruwansa ya haɗiye tsohon garin Bussa sai da aka gina sabo. Tiga ɗinku ta Kano ma haka.

Amma Malam, ni ga tawa. Na sha ruwan Chadi ba adadi, ba gishiri, alhali ba ya fita zuwa teku. Yaya ke nan?

Tsohon Malamin Makaranta:
Yana fita, Alhaji, ta ƙasa. Wani sashe na ruwan yana tsotsewa cikin yashi, ya tafi da gishirin. Ragowar kuma ka san inda yake daskarewa a bakin gaɓar arewa maso gabas: kanwar ungurnu da kuke lodi.

Tela Mai Keke:
Allah Ya saka da alheri. Ta kwafe duka a littafinta. Yanzu kuma wai ita tsoron kududdufinmu take ji, ko akwai iskar Nyos a ciki. Na ce mata namu sauro kawai yake fitarwa.