Me Ke Jan Matasa Zuwa Fina-finan Jini Masu Bin Sawun Tsofaffin Fina-finai?

Ɗan Ringim:

Assalamu alaikum. Sana'ata tura fina-finai a wayoyin mutane a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, kuma na lura cewa samari, har da 'yan matan da ke aiko ƙannensu da memori, sun koma tambayar fina-finan tsoro na Turawa, irin waɗanda ake malalar da jini a cikinsu ba ji ba gani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawancinsu maimaici ne: matasa sun tafi hutu wani gida a dokar daji, sai mai rufaffiyar fuska ya bi su da makami ɗaya bayan ɗaya. An ce mini da gangan masu shiryawa ke yin haka domin girmama tsofaffin fina-finai. To, ina daɗin labarin da mutum ya riga ya san ƙarshensa, kuma me ya sa sai an haɗa da jini mai yawa haka?

Malamin Sakandare, Gezawa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙarya ba, domin wannan fanni yana da salsala, kuma masu shirya shi ba sa ɓoye wanda suka gada. A 1960 Alfred Hitchcock ya fitar da Psycho, inda aka kashe matar da Janet Leigh ta fito a matsayinta a wurin wanka, kuma da yake fim ɗin baƙi da fari ne, ruwan cakulan aka zuba a madadin jini. Da John Carpenter ya zo yin Halloween a 1978, sai ya ɗauki Jamie Lee Curtis, 'yar Janet Leigh ta cikinta, ya kuma raɗa wa likitan da ke farautar makashin suna Sam Loomis, sunan da ya ara daga Psycho. A 1996 Wes Craven ya ƙara gaba a Scream: matasan cikin fim ɗin suna zaune suna kallon Halloween a talabijin, ɗayansu yana lissafa musu dokokin tsira daga irin wannan labari, alhali makashin yana kewaya gidan. Ko a Evil Dead Rise na 2023, jinin da ya ɓalle daga na'urar hawa bene gaisuwa ce ga The Shining na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1980.

Saboda haka mai kallon da ya san na baya yana cin riba biyu, ga faɗuwar gaba, ga kuma daɗin gane alamar da aka ajiye domin irinsa. Sanin ƙarshe kuwa ba ya rage armashi. Yaron da ya matsa wa kakarsa ta sake yi masa tatsuniyar Dodo ya san sarai inda Dodon zai fito, kuma wurin nan ne yake ɗokin a iso.

Baba Mai Gyaran Bidiyo, Ɗambatta:

Malam, bayaninka ya yi, amma bai taɓa rabin tambayar yaron nan ba. Samarin da ke zuwa rumfarsa ranar kasuwa, nawa ne daga cikinsu suka taɓa ganin Psycho, balle su gane an ari suna? Bugu da ƙari, Psycho da Halloween na farko ba su da jinin a-zo-a-gani. Jinin ta wata hanya ya shigo, ta hannun masu kwalliyar rauni irin su Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam kafin ya yi wa Dawn of the Dead na 1978 da Friday the 13th na 1980 kwalliya. Da roba suke ƙera wuya da hannu, su haɗa jini da ruwan sikari mai kauri da kala, su ɓoye siririn tiyo a ƙarƙashin riga, wani yana gefe yana matsawa. Da kwamfuta ta zo sai aka koma zana jini a allo, ido kuma ya gane, domin jinin zane ba ya jiƙa riga yadda ya kamata, ba ya danƙo a yatsa. Girmamawar da ni nake gani ita ce komawa aikin hannu, kamar yadda Damien Leone ya yi a Terrifier 2 na 2022 da kuɗi kaɗan. Abin da ke riƙe samari shi ne tambayar yadda aka yi, sannan da gwada zuciya, domin a gidan kallo duk wanda ya kau da kai ya zama abin tsokana har gari ya waye. Mu ma haka muka yi a zamanin kaset da fina-finan Indiya na 'yan gidan Ramsay, irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988, sai dai su aljani da tsohon gida suka fi ba muhimmanci, ga waƙoƙi a tsakani.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kazaure:

Baba, a gafarce ni, ni ban yarda duk wanda ya ce yana girmama magabata gaskiya yake faɗi ba. Wasu rashin labari ne ya dame su, sai su fake da sunan tsohon fim, su cike giɓin da yanka. Tsoro daban, ƙyama daban: na farko yana zuwa ne daga jiran abin da ba a gani ba, ta biyu kuwa tashin zuciya ce kawai, kuma wanda ya saba karɓar waɗanda suka yi hatsarin mota ba ya ganin nishaɗi a cikinta. Sannan a ƙasashen da ake yin su akwai iyakar shekaru, har ma a Ingila an taɓa sanya The Evil Dead na 1981 cikin jerin kaset ɗin da hukuma ta bi da ƙwace a shekarun 1980. A wurinmu kuwa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana duba na Kannywood, amma abin da ke cikin memori ba ya bi ta gabanta, ga waya ɗaya a gida tana yawo daga hannun yaya zuwa na ɗan shekara bakwai. Ɗan Ringim, don Allah ka riƙa tambayar wanda za a kai wa.

Malamin Sakandare, Gezawa:

Hajiya, maganarki kan yara ba abin ja a cikinta, kuma akwai hujjar da ke ƙarfafa batunki na farko. The Texas Chain Saw Massacre na Tobe Hooper, wanda ya fito a 1974, mutane suna tuna shi a matsayin tafkin jini, amma wanda ya sake kallonsa zai tarar jinin da aka nuna kaɗan ne, ƙarar injin yankan katako da ihu ne suka cike sauran a zuciyar mai kallo. Masu kwaikwayonsa da yawa wannan tunanin suka bi, suka bar ainihin fim ɗin. Baba kuwa ya yi gaskiya cewa sai wanda ya san na baya yake gane gaisuwar, shi ya sa misali na kusa ya fi kama mu: da Ramsey Nouah ya shirya ci gaban fim ɗin Najeriya Living in Bondage a 2019, ya dawo da Kenneth Okonkwo a matsayin Andy, mutumin da ya sadaukar da matarsa ga matsafa a na 1992, yanzu kuma ɗansa ne ke shirin faɗawa hannunsu.