Neman kalma: me za mu kira "open source" da Hausa?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Ina neman agajin gaggawa. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shirin fasaha a nan Bauchi. Baƙona malamin sakandare ne da ya tayar da tsofaffin kwamfutocin makarantarsu, ya sa musu Linux (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) da LibreOffice (ta buga rubutu da lissafi), dukansu irin waɗanda Turawa ke kira "open source". Na je na gani da idona: injinan da ƙura ta rufe a sito, yanzu yara uku-uku ne a gaban kowanne suna koyon buga rubutu. A takardata na rubuta "manhajar kyauta", amma hankalina bai kwanta ba. Ana jin mu har ƙauyukan Darazo da Ningi, ba na son in ɓatar da mutane.

Injiniya daga Yelwa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah goge "kyauta". WhatsApp ba ka biyan ko kwabo, amma ba za a nuna maka rubutun da aka gina shi da shi ba, balle ka gyara. Ka ɗauki mai masa a bakin kasuwar Wunti. In ta zuba maka biyar ta ce ka bar kuɗinka, wannan kyauta ce. In kuwa ta zaunar da kai ta nuna maka yadda take jiƙa shinkafa, da yadda take haɗa ƙullun ya kwana ya tashi, ta ce je ka yi naka, ka ƙara abin da kake so, ka sayar ma in ka ga dama, to wannan shi ne abin da muke magana a kai. Ana cin kuɗi da shi sosai: a 2019 kamfanin IBM ya sayi Red Hat, kamfanin da ke sana'ar irin wannan manhaja, kan dala biliyan 34. Ni "buɗaɗɗen manhaja" nake ce wa ɗalibaina.

Malama daga Gombe: Injiniya ya yi gaskiya. Su kansu Turawan ruɗani ne ya kai su ga wannan suna. Kalma ɗaya gare su, "free", mai nufin kyauta kuma mai nufin 'yanci. Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na gina irin wannan manhaja a 1983, 'yanci yake nufi: ka yi aiki da manhaja, ka karanta cikinta, ka gyara, ka raba. Sai a 1998 wasu suka fito da sabon sunan, "open source", don 'yan kasuwa su daina firgita. Mu Allah ya hutar da mu, kyauta daban, 'yanci daban. Shawarata: "manhaja mai buɗaɗɗen tushe".

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, tushen me? Na kuka ko na tsamiya? Kun ɗauko Turanci kun sa masa hula kawai. Shekara talatin na yi ina fassara, kuma tun tuni nake cewa sunan abin nan "manhajar gayya". Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki a 1991 ya fito da ɗan aikinsa, wato Linux, a intanet, jama'a daga ƙasashe suka taru kowa da fartanyarsa. Yau wayoyin Android da ke aljihunku a kan wannan aiki suke tsaye. In ba gayya ba ce wannan, mece ce? Manomi a Darazo yana jin kalmar ya gane.

Injiniya daga Yelwa: Baba, ranka ya daɗe, kalmar tana da daɗi. Amma in an tashi daga gayya, dawar ta mai gona ce shi kaɗai. Nan kuwa kowa na iya ɗiba. Kuma mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya rubuta manhaja ya buɗe ta, ba wanda ya taya shi.

Baba Mai Ritaya: Wanda ya buɗe ta ai gayyar ya kira, ko an zo ko ba a zo ba.

Ɗalibi daga Azare: To "manhajar waƙafi" fa? Kamar rijiyar unguwa.

Malama daga Gombe: Ɗana, waƙafi ba a sayar da shi, kuma ya fita daga hannun mai shi. Lasisin GPL kuwa, wato takardar izinin da ake sakin Linux da ita, ya yarda a sayar, haƙƙin mallaka kuma yana nan a hannun wanda ya rubuta. Izini ya bayar da sharaɗi: in ka gyara ka raba wa mutane, dole ka bar naka gyaran a buɗe.

Malamin Hausa: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Injiniya, manhaja mace ce. "Buɗaɗɗiyar manhaja" ake cewa. Kada a kai wannan kuskure gidan rediyo, yara na saurare.

Injiniya daga Yelwa: Malam, ba kuskure ba ne. Haka na ji uwata tana magana, haka rabin Bauchi ke magana. Ba mu cika raba namiji da mace a kalma ba. Duk wanda ya buɗe baki sai an auna shi da mudun Kano?

Malamin Hausa: Ni ma ɗan Bauchi ne, a Jahun aka yanke cibiyata. Amma jarrabawa da daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta, ni kuma nake ganin takardun yaranmu suna zubar da maki a kan wannan.

Baba Mai Ritaya: Kuna faɗa kan jinsin baƙuwa. "Manhaja" Larabci ce, kuma da muna aiki tsarin karatu take nufi.

Ɗalibi daga Azare: Baba, in haka ne mu ce "ofin sos" mu huta. Ai mun karɓi kwamfuta da intanet.

Baba Mai Ritaya: Kwamfuta kaya ce, ana ganinta ana taɓa ta. Wannan kuwa ra'ayi ne, ra'ayin da kakanninku suka rayu a kansa. A ce ba mu da sunansa? Wallahi abin yana min ciwo.

Mai Shirin Rediyo: Jama'a, dare ya yi, ga janareto ana shirin kashewa. Ga abin da zan yi. Zan ce "buɗaɗɗiyar manhaja", don ta fi gajarta a baki. Zan biyo ta da misalin mai masa, Injiniya na ara. In mun zo kan yadda ake gina ta, zan ce aikin gayya ne.

Baba Mai Ritaya: Ka mai da kalmata 'yar rakiya. To, ba komai. Amma ka faɗe ta sau biyu, ka ga wadda masu kiran waya za su riƙe.

Injiniya daga Yelwa: In ka ba ni dama na kira, "buɗaɗɗen" zan ce.

Malama daga Gombe: Har yanzu fa ba mu sa wa ƙullun kansa suna ba, wato rubutun da masu gina manhaja ke yi. Baƙonka zai ambace shi gobe.

Mai Shirin Rediyo: Zan ce "asalin rubutun manhaja" kafin a samu wadda ta fi. Wanda ya tashi da wata ya turo min kafin ƙarfe 9.