Na zama kukun otal amma abokai sun guje ni

Salam 'yan uwa. Shekara 5 ina girki a otal a Abuja, na tashi daga wanke-wanke har na zama babban kuku, amma abokanmu na majalisa a Fagge sun ce na canja wai ko suna bana zuwa. Ya zan yi?

— Malam aikin kicin haka yake, ranar sallah ma kana gaban murhu. Kai dai ka rika kiransu.

— Hhh kai da ke soya shinkafar turawa, in ka zo Kano ka dafa musu dambu da zogale ku ci a tire daya, magana ta kare.

— Gaskiya ne, ni kaina gurasa bandashe nake kewa wallahi.