Firiji da firiza na cinye mini riba a gidan abinci, ta ina zan fara?

Uwar Kicin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gidan abinci matsakaici. A kicin akwai firiji biyu na tsaye masu jikin ƙarfe, da firiza mai buɗewa ta sama, da ƙaramin ɗakin sanyi na ajiyar nama da kayan lambu, sai firijin lemo mai ƙofar gilashi a zauren masu ci. Kuɗin wuta kullum hawa yake, alhali ciniki yana nan yadda yake. Firijin da ke dab da murhu kwamfiresonsa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ba ya ko hutawa, in ka taɓa gefensa kamar ya ƙona hannu. Wani dillali ya ce duk in fitar da su in sayi sababbi. Kafin in zuba kuɗi ina son in ji daga masu sana'ar: me ake fara dubawa?

Mai Gyaran Sanyi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Dillali dai kayansa yake son sayarwa, ki ɗan dakata masa.

Aikin firiji shi ne ya kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje, ta wancan ƙarfe mai tsaga-tsaga da ke kusa da kwamfireso, wato kwandensa. A kicin ba ƙura kaɗai ke hawa kansa ba, har da maiƙon suya, su haɗu su yi dafifi kamar an lulluɓa masa bargo. Zafi ya rasa hanyar fita, matsin gas ya hau, kwamfireso ya yi ta gurnani ba tsayawa. Lissafin da muke bi a sana'a shi ne, duk digiri 1 da zafin kwandensa ya ƙaru, wutar da ake ci tana ƙaruwa da kusan kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. To ki auna wanda ke shaƙar iskar murhu yini guda. Ki sa a cire soket, a buɗe marfin, a share da buroshi mai laushi ana bin tsayin tsagar don kada ta lanƙwashe; idan maiƙo ya kama, akwai ruwan wanke kwandensa na musamman. A kicin mai yawan suya wata-wata ya kamata a yi. Wancan na gefen murhu kuma a ɗauke shi daga nan, a bar masa fili ta baya da sama.

Sai robar bakin ƙofa. Ki saka takarda ki rufe ƙofar a kanta ki ja. In ta zare salin-alin, robar ta mutu, kuma iska mai ɗumi da danshi na shiga dare da rana tana zama ƙanƙara. Ki gwada kusurwoyi huɗun, ta ƙasa ce ta fi saurin lalacewa.

Ki kuma sayi ma'aunin zafi ki ajiye a ciki, kada ki dogara da lambar da ke jikin ƙofa. Firiji tsakanin digiri 2 da 5 ya wadatar, firiza kuma 18 ƙasa da sifili. Na sha tarar da firiza a 25 ƙasa da sifili, babu abin da hakan ya ƙara wa naman sai kuɗin wuta.

Shugaban Kuku:
Malam ya faɗi na inji, ni bari in faɗi na mutane. Yaran kicin su kan tura tukunya daga wuta kai tsaye zuwa ɗakin sanyi. Tukunya mai lita 20 da za ta sauko daga digiri 90 zuwa 5, zafin da za a cire mata ya kai kusan kilowat-awa 2, kuma kafin ta huce ta ɗumama duk abin da ke kusa da ita. Mu rabawa muke yi a faffaɗan tire marasa zurfi, ko mu dasa tukunyar cikin ruwan ƙanƙara ana juyawa. Amma fa Hajiya kada a ce don tattalin wuta a bar abinci a waje har dare. Dokar abinci ta Amurka ta ce a sauke zafin dafaffen abinci daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, sannan zuwa 5 cikin ƙarin awa 4, kuma ma'auni ne mai kyau ko'ina. Ƙofar ɗakin sanyi kuma a rataya mata labulen roba, a hana tokare ta da kwali lokacin sauke kaya.

Uwar Kicin:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, ke nan babu wanda zan canza?

Mai Gyaran Sanyi:
A'a Hajiya, ban ce haka ba. A gyara tukuna, sannan a sa ƙaramar mita a soket ɗin kowanne na mako guda, wanda ke cin wuta zai tona kansa. A ɗakin sanyi ki sa a duba fankar ciki: tsohuwar motar fanka, wato injin da ke juya ta, mafi yawan wutarta zafi take zama, kuma a cikin ɗakin take zubar da shi, sai ki biya sau biyu. Motar zamani da ake kira EC ta fi ta nesa ba kusa ba. Haka ƙwan fitila, a mayar da shi LED.

In sayen ya zama dole, ki dubi tambarin tattalin wuta na Amurka, wato Energy Star, ko takardar wuta ta Tarayyar Turai, ki nemi ajin jure zafi na 5, wanda aka gwada a zafin digiri 40. Ki tambayi gas ɗin ciki. R404A da R134a suna cikin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Kigali ta 2016 ke rage amfani da su, samunsu zai riƙa wahala. R290 ya fi su tattalin wuta, sai dai yana kamawa da wuta, don haka kada kowa ya buɗe bututunsa sai wanda ya koyi aikinsa.