Mene ne bambancin kiɗan kantiri na tushe da wanda ake kira alt-country?

Ɗan Direba:
Assalamu alaikum. Ina neman a fahimtar da ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne tsakanin Kano da Legas. A kwalin kaset ɗinsa, bayan na Shata da na Ɗan Maraya, akwai na Don Williams, mawaƙin kantiri (country) na Amurka, guda uku da ya saurara har zarensu ya saki. Ba ya jin Turanci sosai, amma yakan ce muryar mutumin tana kwantar masa da hankali idan dare ya riske shi wajen Jebba. Bara kewarsa ta sa na fara neman waƙoƙin a waya, sai manhajar ta riƙa kawo mini wasu da aka rubuta wa alt-country, wasu kuma aka ce kiɗan tushe ne. Na saurara, na ji jita mai kaushi da muryoyi marasa gyara, kuma sun shiga raina fiye da yadda na zata. Shin duk gida ɗaya ne da na Baba? Daga ina zan fara?

Baba Mai Faifai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Gida ɗaya ne, ɗakuna ne daban. A 1927 wani ma'aikacin kamfanin faifai, Ralph Peer, ya kai na'urar ɗaukar murya garin Bristol, kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia a Amurka. Mutanen tsaunuka suka sauko suka rera abin da suka gada: waƙoƙin coci, na mutuwa, na rabuwa, na aikin gona. A nan aka ɗauki iyalin Carter da Jimmie Rodgers. Wannan, da kiɗan bulus (blues) na baƙaƙen fatan Amurka, shi ake nufi da tushe.

Daga ƙarshen shekarun 1950 masu kamfanonin faifai a Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, suka goge kiɗan, suka ƙara masa goge irin na Turawa da 'yan amshi masu taushin murya don ya sayu a birane. Shi ne ya iso gidajen rediyonmu ta bakin Jim Reeves. Su alt-country yara ne da suka taso da kiɗan rok mai hayaniya, suka ga kantirin rediyo ya yi santsi da yawa, suka koma suna tono na kakanni. Ƙungiyar Uncle Tupelo ta garin Belleville a Illinois ta fitar da faifanta na farko a 1990, ta raɗa masa suna daga wata tsohuwar waƙar iyalin Carter, No Depression. Da suka rabu a 1994, Jeff Tweedy ya kafa Wilco, Jay Farrar ya kafa Son Volt.

Yaya Ta Ƙetare:
Baba ya kawo tarihi, amma zan ƙara abin da ya fi taɓa ni. Ƙanena, ka kalli banjo, abin kiɗa mai tsirkiya da ake bugawa a kantiri, da kyau. Asalinta ƙwarya ce da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, kuma bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka fara ƙera ta a nahiyar Amurka. Masu bincike suna danganta ta da akonting ta ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya, mai gajeriyar tsirkiya da ake bugawa da babban yatsa. Ranar da na fara ganin irin ta dā a hannun mawaƙiyar Amurka Rhiannon Giddens, gurmi ne ya faɗo mini a rai. Kuma A.P. Carter na iyalin Carter da ake ta yabo, wani baƙar fata mai jita, Lesley Riddle, shi ya riƙa raka shi ƙauyuka, yana haddace karin waƙoƙin da suke tarawa. An daɗe ba a ambaton sunansa, abin yana yi mini ciwo.

Malam Na Sabon Gari:
Baba, ranka ya daɗe, ni ban yarda a 1990 aka fara ba. Willie Nelson da Waylon Jennings sun bijire wa Nashville tun shekarun 1970, sun ce su za su zaɓi makaɗansu da waƙoƙinsu. Suna kawai aka samo daga baya. Kuma kada a sa yaron nan ya raina Don Williams. Kiɗansa ba shi da tarkace, ga jita, ga murya, ga magana a fili. Ɗan Direba, nemi faifan da Johnny Cash ya yi a 1994, shi kaɗai da jitarsa, sannan na Lucinda Williams na 1998.

Ɗan Direba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ba zan taɓa raina shi ba, kaset ɗin ma suna ɗakin Innarmu. Jiya da dare na sa na Johnny Cash, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, wannan tsohon wa ya rasu masa? Yaya, ina zan samu bidiyon da ake buga akonting ɗin? Akwai mai gurmi a unguwarmu, ina so in nuna masa in ji abin da zai ce.