Me ke kai sabon littafi ga lambar yabo, kuma ina namu na Hausa ya tsaya?

Maman_Karatu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu bin harkar adabi ce. Duk ƙarshen shekara sai a ji littafin wane ya ci kyautar kaza, jaridu na ta yabo, ana kiran kuɗi masu tsoratarwa. Ga kuma namu na Hausa da ake rububi a WhatsApp da Wattpad, har biya ake yi kafin a karanta, amma ba a jin ɗuriyarsu a can. Shin alƙalan ne ke zaƙulo littafi da kansu, ko kai musu ake yi? Kuma wadda ta kammala labarinta da Hausa, me za ta yi ya kai matsayin da za a duba shi?

Malam_Nazari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kai musu ake yi. Kowace gasa da ƙofarta, kuma yawancin littattafai a bakin ƙofar suke faɗuwa tun alƙali bai buɗe shafin farko ba.

Ɗauki babbar ta gida, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke ɗaukar nauyi tun 2004. Kyautarta dala 100,000 ce tun 2011. Ba kowace shekara ake karɓar ƙagaggen labari ba, juyi ake yi tsakanin fanni huɗu: zube, waƙa, wasan kwaikwayo, adabin yara. An yi zube a 2016, annobar korona ta ɗage na gaba zuwa 2021, sannan 2025. In ba a sauya tsari ba, sai 2029 ke nan. Sharaɗin shi ne marubuci ya zama ɗan Nijeriya, littafin ya zama bugagge, da Turanci, kuma a cikin shekarun nan huɗu ya fito. Shekarar da ke shafin haƙƙin mallaka ita ake dubawa. Wanda ya sake buga tsohon littafinsa ya manna masa sabuwar shekara, wahalar banza ya yi. Daga abin da aka turo a tace 11, daga 11 a fitar da 3, a watan Oktoba a sanar da gwani. A 2016 littattafai 173 aka shigar, Abubakar Adam Ibrahim ya yi nasara da Season of Crimson Blossoms, kuma Elnathan John na cikin ukun ƙarshe, wato biyu cikin ukun labarin Arewa suka bayar. A 2021 Cheluchi Onyemelukwe ce ta ci, a 2025 Oyin Olugbile.

Abin da mutane ke mantawa: suna iya hana kowa. A 2004, 2009 da 2015 ba a ba kowa kyautar ba, kuma ƙorafin da alƙalai suka fi nanatawa shi ne rashin tacewa, kurakuran rubutu da na ɗab'i.

Booker ta Ingila kuwa, fam 50,000, marubuci ba ya ma iya tura littafinsa. Kamfanin ɗab'i da ke Birtaniya ko Ayalan ne ke shigarwa, kuma ba a karɓar wanda mutum ya buga wa kansa. Ana fitar da 12 ko 13 a Yuli, 6 a Satumba, gwani a Nuwamba. To kin ga littafin Hausa da ke cikin waya, komai daɗinsa, ba a ƙi shi ba ne, bai ma shiga layi ba.

Mai_Jan_Biro:

Malam ya faɗi ƙofa, bari in yi magana a kan kayan da ake shiga da su, don nan ne ciwon yake.

Labarin da aka rubuta ana sakinsa kullum shafi-shafi, gininsa daban ne da na littafi. Marubuciya na buƙatar mai karatu ya dawo gobe, don haka kowane shafi sai ya ƙare da tashin hankali, na gaba kuma ya fara da tuna abin da ya wuce. A waya wannan dabara ce mai kyau. In aka haɗe su wuri guda, sai ki ga an ba da labarin mutuwar mahaifin yarinya sau biyar, an siffanta falon Alhaji sau uku, kujeru da labule da turaren wuta, kuma ƙanwar da aka kira Zainab a farko ta koma Zulai a tsakiya. Mai bin labari wata shida ba zai lura ba. Alƙalin da ya karance shi a kwana biyu zai lura.

Gyara hawa uku ne, kuma ba a haɗa su. Na farko gyaran gini. A ajiye labarin kamar wata guda ba a taɓa shi ba, sannan a ɗauki takarda a rubuta kowane babi a layi ɗaya: wa ke ciki, me ya faru, me ya sauya. Babin da aka rasa abin da ya sauya a cikinsa, fita zai yi, ko da shi ne wanda masu karatu suka fi yi wa sharhi. A yi jadawalin shekarun taurari da dangantakarsu, kar uwa ta girmi ɗanta da shekara tara. Yawancin littattafan da ke kaiwa zagayen ƙarshe ba su da tsawon da muke zato, kalma 60,000 zuwa 100,000 ta ishi labari mai nauyi. Orbital na Samantha Harvey da ya ci Booker a 2024 bai kai shafi 150 ba.

Na biyu gyaran jimla. A nan ake cire gaisuwar da ke cin shafi guda, da wa'azin da marubuciya ke tsayar da labari ta yi da bakinta, da Turancin da aka cusa ba don mai maganar ɗan boko ne ba. A karanta zance da ƙarfi. In tsohuwar ƙauye da likita suna magana da murya ɗaya, akwai sauran aiki.

Na uku ƙa'idojin rubutu, kuma a gasar Hausa da wannan ake fara zubar da mutane. "Ya ce" ne ba "yace" ba, "shi ne" ba "shine" ba, "za ta" ba "zata" ba. "A kan tebur" daban, "akan yi haka" daban. Sai haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. Wanda ya rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi ya sauya magana. Wannan hawan ba marubuciya ke yi wa kanta ba, ido ya riga ya saba da kuskurensa. A ba wanda ya karanci Hausa, a biya shi.

Wurin ɗab'i ma akwai tarko. Sau da yawa in mai tsara shafi ya sauya samfurin harafi, masu lanƙwasar nan sai su koma akwati ko alamar tambaya. Kar a yarda a buga sai an ga gwajin kwafi ɗaya a takarda, an bi shi daga bango zuwa bango. A nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ba wadda mai injin zai kwafo daga wani littafi ba, a kuma kai musu kwafin ajiya da doka ta tanada. A cire tallan kayan mata da jerin gaisuwar ƙawaye daga tsakiyar labari. Sadaukarwa shafi ɗaya ce, a farko.

Maman_Karatu:

Allah ya saka da alheri. Amma Malam, in duk manyan da Turanci ne, ashe mu masu Hausa sai dai kallo?

Ɗan_Garwa:

Ba kallo ba ne Hajiya, hanya ce mai ɗan zagaye.

Da farko akwai na Hausa tsantsa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata, ta gajeren labari ce, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma wanda ba a taɓa fitarwa ba. Ki riƙe wannan sharaɗin: gasa da yawa na ɗaukar abin da aka sa a Facebook ko Wattpad a matsayin wanda aka riga aka wallafa. Mai niyyar shiga gasa ta karanta sharuɗɗa kafin ta saki ko da babi ɗaya. Ba kuma ta 'yan Nijeriya kaɗai ba ce, a 2022 Amira Souley daga Maraɗi ce ta zo ta ɗaya. Cibiyar Gusau Institute da ke Kaduna ita ma ta shirya gasar rubutun Hausa, sannan rassan ƙungiyar marubuta ta ANA a jihohi kan yi nasu. Giɓin da ke akwai shi ne babbar kyauta mai ɗorewa ta dogon labari, irin wadda Swahili ke da ita tun 2014, wadda aka kafa da sunan Mabati-Cornell, take karɓar rubutun da ba a kai ga bugawa ba.

Sai fassara. International Booker ta littattafan da aka fassara zuwa Turanci ce, kuma kuɗin kyautarta raba-daidai ake yi tsakanin marubuci da mai fassara. A 2025 Banu Mushtaq ce ta ci da Heart Lamp, labarai 12 a kan rayuwar matan Musulmi a kudancin Indiya, da harshen Kannada ta rubuta su, Deepa Bhasthi ta fassara. Kishiya, miji mai halin ko-in-kula, surukai, malaman unguwa. Duk wanda ya karanta zai ga abin da marubutanmu mata suka shekara arba'in suna rubutawa ne. Saboda haka ba jigo ne ya hana mu ba. An ma taɓa gwadawa: kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 2012, Aliyu Kamal ya fassara.

Yadda ake bi: ba a fassara littafi duka a fara yawo da shi. Mai fassara ya yi samfuri, babi biyu ko uku, ya haɗa da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya ko biyu har da yadda ya ƙare, da bayanin marubuci, da shaidar cewa haƙƙin fassara na hannun marubucin. Wannan na ƙarshen ne ke kashe magana, domin wasu sun sa hannu sun miƙa komai ga ɗan kasuwa ko mai manhaja ba su karanta ba. Ƙungiyar marubuta ta Ingila, English PEN, na da tallafin yin samfuri, tana kuma da wanda ke biya wa kamfanin Birtaniya har kashi 75 cikin 100 na kuɗin fassara.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa a arewacin Kamaru. Da Faransanci take rubutu. Littafinta ya fara fitowa a Yawunde a 2017, ya ci kyautar Orange ta Afirka a 2019, sannan wani ƙaramin kamfani a Faransa ya ɗauka, aka sake tace shi, ya fito da sunan Les Impatientes a 2020. Ya kai huɗun ƙarshe na Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, ya kuma ci reshenta da ɗaliban sakandare ke zaɓe. Ki lura da matakan: bugu a gida, ƙaramar kyauta, sabon edita, sannan babba. Littafin da ya riga ya ci kyauta ma sai da aka sake yi masa aiki.

Tsohon_Ɗan_Kasuwa:

Ni fa ina ɗan ja da yadda zancen ke tafiya, kamar kyauta ce ma'aunin littafi. Alƙalan Booker mutum biyar ne, ana sauya su duk shekara. Sauya biyar ɗin, gwani ya sauya. Goncourt da ake ta kururutawa, cekin Yuro 10 ake bayarwa, amfaninta cinikin da ke biyo baya ne. Wato su ma can, a ƙarshe mai saye ake nema, kuma marubutanmu suna da shi tun kafin a ba su komai. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ba alƙali ne ya shigar da shi gidaje ba.

Amma in za a yi adalci, gasa ta yi mana rana. Ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Ta kamfanin ɗab'i na Arewa, NNPC, ita ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a 1980. Abin da ya sa suka rayu ba kuɗin kyautar ba ne, an tace su, an buga su da kyau, an sa su a manhajar makarantu, ana sake bugawa. Namu na waya, ranar da aka rufe zauren ko wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan.

Malam_Nazari:

Ranka ya daɗe ban musa ba, yabon nan iri uku ne kuma ba dole su haɗu ba. Mai karatu na tambayar me zai faru gaba. Mai sharhi na duba yadda aka faɗe shi. Alƙalin gasa kuma, wanda ya kai zagayen ƙarshe sai ya karanta shi sau biyu ko uku, don haka labarin da duk ƙarfinsa sirri ne guda da ake tonawa a ƙarshe yakan sace a karatu na biyu.

Duba na Abubakar Adam Ibrahim. Abin da aka fi yayatawa shi ne alaƙar bazawara 'yar shekara 55 da matashi ɗan daba. Amma ƙashin bayan labarin kunyar ɗan fari ce: uwar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta, ta hana ta nuna masa so, har ya mutu. Abu ne da kowane gida a ƙasar Hausa ya sani, ya ɗauke shi ya bi shi har inda yake ciwo. Wannan ne ke sa a koma wa littafi.

Hajiya, in labarinki ya kammala, kar ki fara da neman gasa. Ki fara da takardar nan ta babi-babi da Mai_Jan_Biro ya faɗa. Sannan ki ciro labari guda mai tsayuwa da kansa, wanda ba ki taɓa saki ba, ki matse shi zuwa kalma 1,500 ki ajiye kafin a buɗe Hikayata ta gaba. Sanarwar na fita a shafin BBC Hausa, kuma sharuɗɗan shekaru da na waɗanda aka yarda su shiga sukan sauya, sai ki karanta na shekarar kafin ki tura.