Neman shawara: in kwashe injin casata in koma Dadin Kowa ko in zauna a Gombe?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da ɗan injin casar shinkafa a cikin garin Gombe, na kafa shi a 2019 lokacin da aka rufe boda, shinkafar gida ta yi daraja. Kuɗin gadon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Mu tara ne, gona ɗaya aka sayar, babban yayanmu ya so a haɗa kuɗin a sayi tirela, ni na ƙi na karɓi kasona. Har yau maganar ba ta mutu ba, ko ranar sunan Walid sai da ya yi mini gori a gaban surukaina. Shekara biyun farko Alhamdulillah, har yara shida na ɗauka aiki. Daga baya dizal ya tashi, aka zo aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin dakon shanshera daga ƙauye ya haura, wuta kuma sai ta ga dama. Yara biyu suka rage.

Yanzu wani abokina ya nuna mini fili a wajen Dadin Kowa, ba nisa da filin masana'antun da gwamnati ke ginawa. Ga dam mai ba da wutar lantarki megawat 40, ga 'yan noman rani a bakin ƙofa. Na riga na ba da kafin alƙalami. Kafin in cika sai na sayar da rumfar da injin yake ciki. Uwargida ta ce ba inda za ta. Me kuka gani?

Ɗan Tudun Hatsi: Wa'alaikumus salam. Nawa ne filin, nawa ka bayar? Kuma cikin shingen gwamnati yake ko bayansa?

Alhaji Mai Ritaya: Ɗana, shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi kafin a ba mu jiha a 1996, don haka ka saurare ni. Kada ka sayar da rumfar nan. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Ranar da aka ce za a faɗaɗa wurin nan don amfanin jama'a, za a karɓi filinka, diyya kuma kan gini da shuka ake lissafa ta, ba kan abin da ka ba dillali ba. Sa hannun mai unguwa da shaidu biyu ba takardar mallaka ba ce. Ka je GOGIS, hukumar filaye ta jihar Gombe, su duba maka taswira tukuna. Sannan wa ya gaya maka zama kusa da dam shi ne samun wuta? Wutar dam layinta daban, masu sayar maka da ita daban. Ana iya ja wa masana'antun cikin shinge layi na musamman, kai da ke bayan katanga kana kallon waya tana wucewa ta saman kanka. Mun ga masana'antar haɗa taraktoci ta Steyr a Bauchi, yadda mutane suka yi tururuwa saboda ita, yau ina taraktocin?

Baban Walid: Na gode Baba. Amma abokin nan tare muka yi makarantar allo, ba zai cuce ni ba. Filin ma na kawun matarsa ne.

Alhaji Mai Ritaya: Ban ce zai cuce ka ba. Na ce shi ma bai san abin da ke cikin taswira ba.

Maman Biyu: Ni dai na ce ka tafi, Baban Walid. Me ya rage a cikin garin nan? Turara shinkafa nake yi, ɗan shagona bai fi ɗaki ɗaya ba, amma a wata guda mutum uku suka zo mini da rasit, wannan ya ce na ƙaramar hukuma, wancan na jiha, na ukun ya ce na shara, alhali bolar da ke bayanmu tun damina ba a kwashe ba. Da na yi magana aka ce za a rufe shagon. Haka na biya ina kuka, ranar ko cefane ban yi ba. Ana ta kiran manyan masu zuba jari, mu da muke nan tun fil azal ba wanda ya taɓa tambayarmu me ke damunmu.

Na Alkaleri: Hmm. Da Buhari ya zo Kolmani a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar da haƙon mai, na sayar da shanu biyu na sayi fili a bakin hanya, wai zan gina ɗakunan haya ma'aikata su kama. Filin yana nan, bana gero na shuka a ciki. Ban ce naka zai zama haka ba.

Injiniya: Da girmamawa Alhaji, ba daidai ba ne a haɗa Kolmani ko Steyr da Dadin Kowa. Can jiran abu ake, nan kuwa ruwa yana nan, manoma suna nan, titin Biu yana nan, ko ba a gina masana'anta ko ɗaya ba. Dubi yadda simintin Ashaka ya raya Bajoga. Mai casa ribarsa tana wajen dako: shanshera nauyi gare ta, kusan kashi ɗaya cikin biyar ɓuntu ne, kana biyan mota tana kawo maka abin da za ka zubar. Shawarata ka kama hayar wuri can na kaka ɗaya ka gwada, ka bar rumfarka.

Alhaji Mai Ritaya: Injiniya, Ashaka dutsen siminti ne ya kai ta can, ba jawabin ɗan siyasa ba. Kuma ka manta 2024 da aka ɗage harajin shigo da hatsi na kwana 150? Alƙalami ɗaya daga Abuja ya isa ya karya farashin shinkafar gida, kana Gombe ko kana Dadin Kowa. Matsalarsa ba wuri ba ce, jari ne. In babban kamfani ya sauka can da kuɗi a hannu, shi manoma za su kai wa shanshera, ɗana yana zaune yana kora ƙuda. Na faɗa, na kuma.

Baban Walid: Haya ba za ta yiwu ba Injiniya, cire injin da sake kafa shi kaɗai kuɗi ne, ba zan yi sau biyu ba. Baba kuma, manoman can sun san ni, bashi ma suna ba ni. Ni fa ba zan koma wajen yayanmu in ce ya yi gaskiya ba. Kuma kafin alƙalamin ba a mayarwa.

Ɗan Tudun Hatsi: Har yanzu ba ka faɗi nawa ba ne, ba ka ce ko akwai takarda ba.

Maman Biyu: Ita uwargidan me ya sa ta ƙi? Ka tambaye ta kuwa, ko makarantar yara ce?

Baban Walid: Maganar gida daban ce Hajiya. Abokin nawa ya kira yanzu, wai akwai wani ɗan Kano da ke son filin, in ban cika zuwa Juma'a ba za a ba shi. Ku taya ni da addu'a.

Alhaji Mai Ritaya: Kullum akwai ɗan Kano.

Na Alkaleri: Allah ya zaɓa mafi alheri. In ka fasa tafiyar kuma kana son sayar da janaretan, ka yi mini magana ta gefe.